Ƙwaya ta Arba'in da Ɗaya

Zabairu ya kawo ta janye da igiya
a bayan motar albasa, da la'asar sakaliya,
ƙarnin kifin Tabalak na bin ta har cikin garaji.
Ya ce, "Da can sawu biyu nake yi kan caji ɗaya.
Yau ana hango hasumiyar Tawa ta tsaya cik,
allo kuwa na rantsuwa saura rabi.
Ƙanƙara ta narke. Tarwaɗar mutane ta kumbura."

Ni da kunne na koyi aikin nan.
Shekara talatin inji na tari
ina cewa ga inda ke ciwo.
Wannan a-kori-kurar ba ta tari, ba ta nishi,
ko mutuwa za ta yi, shiru take yi.

Sahiya ce ta jona na'ura,
'yar ƙanena, mai idon karatu.
Ƙwaya casa'in da shida suka jeru a allo
kamar haƙoran masara a jikin totuwa.
Muka kunna sanyi, muka kunna fitilu,
muka ɗora mata kaya mu ga wa zai durƙusa.
Ta arba'in da ɗaya ta fara zubewa.
Sai maƙwabciyarta. Sai wasu biyar can ƙurya,
wajen da bututun ruwan sanyaya ya toshe
tun ba a san yaushe ba.

Na ce, Zabairu, batirin nan ayari ne.
Ba a tafiya da saurin mai ƙarfi,
gurgun ciki shi ke cewa a sauka nan.

"To a cire gurgun mana."

Ana iyawa. Na sa sabuwa a tsakiyar tsofaffi,
kafin damina ka dawo da igiya.
Zafin watan huɗu ya dafa su duka,
wata dai ta riga wata nuna.

Ya zauna kan taya. Ya ƙirga a yatsu,
ya sake ƙirgawa, bai samu abin da yake so ba.
Ranar Lahadi ya kai bijiminsa kasuwa.

Kwana tara muka jira na Yamai,
wanda aka ciro daga motar da ta kife tana yarinya.
Da ya iso na tuɓe zobe, na tuɓe agogo,
na hura safar roba in ji ko tana yoyo.
Na zare fulogi mai ruwan lemo, na sa a aljihu,
don kada wani mai kirki ya mayar.
Minti goma ba wanda ya taɓa komai.
Gado mai shayi ma ya yi shiru.
Sahiya ta auna: sifiri. Ta sake aunawa.

Kusoshi ashirin da biyu, uku sun ci tsatsa.
Ya sauko kan jak a hankali,
nauyin saniya da ɗanta,
cikinsa fal jan yashin hanya.
Muka wanke bututu, muka ɗaga sabon,
muka ɗaure kowane kusa da awo, ba da zuciya ba.

Ta tashi. Ban ji komai ba.
Sahiya ce ta ce mini ta tashi.

Jiya ya wuce da asuba, ya danna oda sau biyu,
da hantsi ga tarwaɗa uku a leda, da sanyinsu.

Tsohon yana nan ƙuryar rumfa.
Mun ware matattun, mun jona sauran da faifan rana.
Sittin cikin ɗari ya rage masa:
ba ya kai kowa Tabalak,
amma in wuta ta ɗauke
shi ke juya fanka, shi ke riƙe ƙwan fitila
da nake zama ƙarƙashinsa ina shafa wa gwiwata man zafi,
Sahiya na koya mini karatun allo,
layi ɗaya kowane dare.